Sunan Kakan Surukina

Jikana ya zo duniya bakwaini. Kafin shi 'yata ta binne biyu a garin nan na Landan, shi ya sa da na gan shi cikin akwatin gilashi a asibiti, an zura masa roba ta hanci, ƙirji na ɗagawa kamar na ɗan tsako, sai na tsorata.

Mijinta Bajamushe ne da ya musulunta. Mutumin kirki ne, sai dai cikinsa ba ya riƙe murna. Ya sunkuya ta 'yar ƙofar akwatin ya yi huɗuba da sunan Manzo, sannan ya juyo yana washe baki, ya ce zai ƙara da sunan kakansa, Bernhard. Na tambayi 'yata ma'anarsa.

"Wai mai ƙarfi kamar beyar, Umma. Dabbar dajinsu ce, ƙatuwa."

A gidanmu mace mai wabi ba ta cika baki a kan ɗa. Kakata sai da ta ajiye kawuna a kan juji, ta laƙaba masa sunan banza, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Na san camfi ne, ni da kaina nake gaya wa mutane haka. Amma kawun nan har furfura ya yi. Shi kuwa wannan, yaro ko kuka bai iya ba, uban yana shelar ƙarfinsa.

Na ce wa 'yata, "Ki ce ya bari tukuna. Baki fa abin tsoro ne."

"Umma, please, kar ki fara. Na yi masa promise tun kafin mu yi aure."

Na ƙyale ta, amma na ƙudura sunan ba zai fito daga harshena ba. Kullum na hau jirgin ƙasa daga unguwar Abbey Wood zuwa asibiti, wayata na hannu, ina fargabar ta yi ƙara.

Uwar surukin nawa ta iso daga ƙasarsu, doguwar tsohuwa mara fara'a. Muna zaune a baranda, 'yata na yi mana tafinta, ta ce mutanensu na da tsananin tsoron dabbar ya sa ba sa kiran ainihin sunanta, sai su ce mai launin ruwan ƙasa, yadda muke ce wa maciji igiya. Sukan ɗora wa namiji sunanta don duk abin da ya nufo shi ya ja da baya. Ta ce mahaifinta ma sai da aka binne yayyensa kafin a sa masa shi. Duk da haka tsorona bai ragu ba.

Ranar da likita ta ce za a cire robar a ga ko zai iya numfashi da kansa, duk muna tsaye. Aka zare. Ƙirjin ya ɗaga sau ɗaya ya tsaya. Na'ura ta fara kuka, leɓensa ya soma yin shuɗi, 'yata ta zube a jikin mijinta. Na yi salati, na kira sunan Allah. Sai kawai na ji muryata, ni da na ƙi, ina dukan gilashin:

"Barnahad! Kai, Barnahad! Tashi, don Allah, kar ka yi mana haka!"

Ma'aikaciyar jinya tana murza masa baya. Can ya takure fuska, ya saki wani siririn kuka. Tsohuwar ta damƙe hannuna har ƙashina ya yi ƙara, ban ƙwace ba.