Malam Isah, Wanda Ya Koya Mini Ba Kaji Fara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shanya aka bugo mini waya daga Gusau: Malam Isah malamin gona ya rasu.

'Ya'yana, ku ajiye abin da kuke yi ku karanta wannan har ƙarshe. Na san halinku da gudun dogon rubutu.

A 1998 muna zaune Tsafe, ina da kaji sittin a bayan gida. Abincin buhu ya fi ƙarfina, na koma ba su dusa zalla. Kafin wata guda ƙwai ya ɗauke. Har na yanke shawarar sallamar da su gaba ɗaya.

Sai ga Malam Isah bisa tsohon babur ɗinsa, tun daga Bungudu. Ya ɗauki kaza guda, ya taɓa ƙirjinta.

"Hajiya, mi kin ka ba su?"

Na ce dusa.

"Ke za ki iya wata guda kina cin tuwo ba miya?"

Ya ce a kamo fara da sassafe kafin rana ta buɗe mata fiffike, amma daga gonar da ba a yi wa feshi ba. A tafasa, a shanya, a daka, a haɗa da dusa da garin ƙashi. Ban da gishiri. Sau uku ya maimaita, don ya san hannunmu da gishiri.

Na tambaye shi ina ya koyo. Da ya so, sai ya ce a littafi. Bai yi ba. Ya ce lokacin da ya je kwas Kudu ya ga masu kiwon alade suna haɗa wa dabbobinsu garin ƙwari, suna ƙiba.

Na ce a'uzubillahi! Amma na gwada.

Mako uku, ƙwai ya dawo. Gwaiduwa jawur.

Sai maganar ta fita gari: wai abincin alade nake ba kajina. Maƙwabta suka daina aikowa. Mai shayin bakin tasha ya mayar mini da kiret biyu. Ga ƙwai jibge a ɗaki, ga zafi, ga sunana a bakin mutane.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Isah ya ɗauki kiret guda daga gidana ya dire a teburin mai shayin nan. Maigidana yana wurin, shi ya kawo mini labari. Malam Isah ya ce a soya masa huɗu. Ya zauna gaban dattawa ya cinye tas, ya goge baki.

"Farar da kun ka ci jiya da yaji, ita kajin Hajiya ka ci. Aladun can har masara suna ci. Wa ya bar tuwon masara cikinku?"

Sai wani dattijo mai koyar da karatu a unguwarmu ya tuntsire da dariya, ya ce wa mai shayi, "Kai, soya mini biyu, ka sa albasa."

Kafin la'asar kiret ya ƙare. Kafin kaka matan da suka guje ni suna tsakar gidana da turamensu, ina nuna musu awo. Ban yi wa kowa gori ba, ko da yake na so.

Ku da kuke jin abu a waya ku yaɗa ba ku bincika ba, ku ji kunya. Mutum guda mai gaskiya ya rufe bakin gari da farantin ƙwai.

Ganina da shi na ƙarshe bara ne, wurin wani biki a Gusau. Ido ya yi rauni, sai da na faɗi sunana. Ya riƙe sandarsa yana dariya, ya ce, "Hajiya mai kaji! Ashe dai mun ci nasara."

Mun ci, Malam. Wallahi mun ci.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalanka haƙuri. Duk macen Tsafe da ta taɓa daka fara saboda kajinta, da duk wanda ya karanta wannan, ina roƙo: kada ku wuce ba ku yi masa addu'a ba.