Abin da Alassane Ya Baro a Ƙofar Bas

Faɗanmu na farko da Alassane a kan igiyar shanya ne. Na fito da safe zan shanya zannuwana a bayan gidan 'yata, sai na tarar da wani baƙin abu rataye, da hannuwa da ƙafafu, ba kai, yana ɗigar da ruwa kamar an feɗe mutum an bar fatar. Na yi salati har maƙwabta suka leƙo. Shi kuwa ya sauko daga bene yana dariya, wai rigarsa ce ta roba da yake shiga ruwa da ita. Na ce in ya sake rataya mini wannan mushen kusa da zanen sallata, wuƙa zan sa masa. Ya ba ni haƙuri ya kwashe. Sati na zagayowa ya sake ratayawa.

Ɗan Gaya ta Nijar ne, ɗan sarkawa masunta, ubansa da kakansa duk a kogin Isa, wato Neja, suka ci abinci. Ya riga ni zuwa Greensboro ta Amurka da shekara biyu, yana aikin ɗaga kaya a wani sito wajen filin jirgi. Ba sigari, ba ƙwallo, ba mata. Abu guda ya sani: ran Lahadi ya loda tulun iska a bayan mota ya yi tafiyar awa ɗaya zuwa wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika. Turawa sun nutsar da motar bas ta 'yan makaranta a ƙasansa, wai don masu nutso su sami abin kallo. Na ce masa ubanka ya shiga ruwa ya fito da giwan ruwa, kai ka shiga ka fito da labari.

Labarin kuwa a falona ake baje shi. Duk Lahadi da la'asar su uku suke zuwa cin tuwona: shi, da Sylvanus, wani Kirista ɗan Kafanchan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da Ɗantala direban tasi, mutumin Maraɗi, wanda Alassane ya ja cikin wannan hauka. Hirarsu ba ta wuce ruwa. Yau ya yi sanyi ko bai yi ba, daga zurfin gaba nawa sanyin yake fara cizo, mutum na hango tafin hannunsa ko ba ya hangowa. Na sha jin suna cewa dokar abin guda ce: wanda ya shiga ƙarshe ya faɗa wa mai shiga gaba abin da ya tarar, kada ya rage komai. Sylvanus har rubutawa yake a kwamfuta don Turawan su karanta.

Ɗantala ya fi kowa baki. Da ƙyar ya koyi iyo, amma kullum yana tsokanar Alassane da “Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe,” shi kuma yana jin daɗi, ko da yake ba ya nunawa.

Ƙarshen zafin 2006 aka yi ruwan sama kwana uku a jere. Lahadin nan sauran biyun suna wurin suna, Alassane ya tafi da wani Bature. Ya riga su isowa gidana, ya wuce kicin ya ce in ba shi ruwa. Ya miƙo hannu ya karɓi kofin. A wuyan hannun akwai jan sawu kamar na akuyar da aka ɗaure ta kwana tana fizga. Na tsare shi da ido har ya faɗa. Igiyar da aka shimfiɗa a ƙasa don nuna hanya ta tsinke, ta cukurkuɗe a ƙofar bas ɗin. Ruwa ya zama kunu, ba ya ganin komai. Ta kama masa hannu da bayan tulu, Baturen ya ɓace masa, ya yi ta yanka a makance har iskarsa ta kusa ƙarewa. Ya ce a can ƙasa ya kira sunan uwarsa. Sai ya ja hannun riga ya rufe sawun.

Da suka zauna cin abinci Ɗantala ya ce, “Sarkin Ruwa, yaya talakawanka na ƙasa?”

Alassane ya ce, “Lafiya lau. Ya ɗan yi duhu, shi ke nan.”

“Bas ɗin fa? Ni Lahadi sai na zauna kujerar direba, in ga ko ta fi tasi daɗi.”

“Tana nan inda ka bar ta.”

Ina tsaye da ludayi a hannu. Na ci gaba da zuba musu miya. A garinmu ba a tsinka namiji gaban abokansa a kan kwanon da ka zuba masa, kuma na ɗauka zai ja Ɗantala gefe kafin satin ya ƙare. Ɗan sarkawa kuma ya furta da bakinsa cewa ruwa ya tsorata shi? Ya kamata in san ba zai yi ba.

Lahadi ta zo, Alassane ya ce mura ta kama shi. Sylvanus da Ɗantala suka tafi. Igiyar nan ta kama Ɗantala a ƙofar nan. Ya samu ya kuɓuce, amma tsoro ya sa ya yar da ɗamarar darma da ke riƙe su a ƙasa, ya taso sama a guje. Masu nutso kuma sun ce daga wannan zurfin a hankali ake tasowa, in ba haka ba iskar da ke cikin jini takan lalata mutum. Aka kai shi wani asibiti a Durham, aka yi ta sa shi cikin wata tukunyar ƙarfe mai matsin iska kwana da kwanaki. Ya fito da ransa. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai dawo ba.

Tun ranar Alassane ya zama ƙafafun Ɗantala. Kafin ya tafi sito ya biya ya ɗaga shi daga gado, ya yi masa wanka, ya yi masa tsarki, abin da Hindou matar Ɗantala ba ta da ƙarfin yi. Juma'a ya tura shi a keken guragu har sahun gaba a masallaci. Shekara biyu bai fasa ba. A masallaci da shi ake ba yara misalin amana. Hindou ta ce mini ko ɗan'uwa na jini bai yi haka ba, na ce mata haka ne.

Abin da ya hana ni sakat shi ne bakin Ɗantala. Dariyar ta tafi, sai zagin kansa. Wai shi ne jaki, Sarkin Ruwa ya shiga wuri ɗaya ya fito lafiya lau, shi ya je ya naɗe kansa kamar kaza. Ya hana ɗiyarsa zuwa ko wurin iyo na makaranta, wai jininsu na wawaye ne a ruwa. Alassane na tsaye bayan keken yana jin wannan, yana gyara masa bargo.

Sau uku na sa gyale zan je in faɗa wa Hindou. Sau uku na tuna tambayar da za ta yi mini: ke da kika sani, ina bakinki yake ran nan?

Bayan Sallar layya ta 2008 Alassane ya kawo mini cinyar rago. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, bai kai arba'in ba. Na ce ya ajiye naman ya zauna, lokaci ya yi da zai faɗa wa Ɗantala gaskiya. Ya ce ai na ga abin da yake yi wa mutumin, me kuma ya rage? Ya ce in ya faɗa, Ɗantala ba zai ƙara yarda ya taɓa shi ba, to wa zai ɗaga shi da safe? Gidanmu ɗaya, bene ne kawai tsakani, amma daga ranar ya koma bin ƙofar baya, ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba. Ga abin da na sallame shi da shi:

“Wankan da kake masa ba shi kake wankewa ba, Alassane. Mutumin nan ya rasa ƙafafu, ka kuma bar shi yana kiran kansa jaki. Ran da ka shirya ka ƙwanƙwasa mini, mu tafi tare. Kai ka faɗi naka, ni in faɗi nawa.”