Sunan Darlene a Takardar Wendell

Rabin labulen da ke tagogin unguwarsu a Toledo, Darlene ce ta ɗinka. Shekara talatin tana kan keken ɗinki a gidanta, ba ta aiki a ƙarƙashin kowa, kuma tana alfahari da haka. Sai dai mai zaman kansa a ƙasar nan ba shi da mai tsaya masa a asibiti. Inshorar lafiyarta a jikin aikin mijinta Wendell take rataye, can kamfanin gilashi.

A watan Maris likita ya gano mata ciwon daji. A Agusta Wendell ya kwashe komatsansa ya koma ɗakin da ke saman garejin ƙanensa. Kada a ɗora wa ciwon laifi, sun daɗe suna zaman doya da manja. Abu ɗaya suka yi alkawari: ba za su je kotu ba. Muddin alƙali bai raba auren ba, sunanta na nan, asibiti zai ci gaba da yi mata ƙarin ruwan magani duk mako uku.

To, kamfanin su Wendell na da ƙa'ida. Duk Nuwamba sai ma'aikaci ya cike takarda ya sake rubuta sunan matarsa, in ba haka ba a soke ta daga Janairu. Tun aurensu Darlene ke cikewa, shi dai ya sa hannu yana tauna burodi. Bana takardar ba gidanta ta zo ba.

Ta kira shi sau uku bai ɗauka ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke hana mutum zura zare a allura. Ta ɓata labulen mutane biyu a mako ɗaya. Zuciyarta na ta raya mata cewa da gangan yake yi.

Ana gobe za a rufe karɓa, ta ja hula ta rufe kanta da magani ya aske, ta tuƙa zuwa gidan ƙanen nasa. Ta same shi yana share ganye a tsakar gida.

"Wendell, ka mayar da takardar?"

"Wace takarda kuma?"

"Ta inshora mana! Gobe za su rufe."

"Ai wannan da kanta take sabuntuwa duk shekara."

"Da kanta? Ni ce kan nata, sakarai! Shekara ashirin da shida kana sa hannu, ka ɗauka takardar gadon kakarka ce?"

A motarsa suka tono ambulan ɗin, ko buɗewa bai yi ba, kofi ya zube a kai. Ta cike a kan murfin motar. Ya sa hannu, amma bai miƙo mata biron ba.

"Darlene, akwai wata a wurin aikinmu, Rhonda. Muna so a ɗaura a watan Yuni. Lauya ya ce in shigar da maganar saki bayan Kirsimeti."

"Ka san sai Oktoba zan gama magani."

"Na sani." Ya sunkuyar da kai. "Zan yi mata magana, ki kwantar da hankalinki."

Ta karɓe ambulan ɗin don ta kai kamfanin da kanta. Ta shiga motarta ta zauna. Ta san wannan "zan yi magana" ta Wendell. Haka ya ce zai yi wa mai gyaran rufi shekara tara da suka wuce, kuma har yau in ana ruwa bokiti take tarawa a kicin.