Injin da Ya Yi Mini Sakkwatanci a Abuja

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Mabera a Sakkwato, ni da mai ɗakina, muka nufi Abuja wajen ɗiyarmu. Surutu ne ya ishe ni a kasuwar hatsi, wai duk karatun kwamfutar da ta yi, a tsaron shago ta ƙare. Na ƙudurta in haka ne, ƙafata ƙafarta sai gida.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, hanya kuwa wani wurin rami ke miƙa ka ga rami. A Funtuwa muka ci shinkafa da wake, mai kaɗan, yaji kamar da gayya.

Washegari ɗiyar tamu ta kai mu shagon. Jama'a! Irin ginin nan ne da yara ke kallo a fina-finan duniyar gobe. Ƙofar gilashi ta buɗe kanta tun ban taɓa ta ba, har na yi mata sallama. Bene kan bene, sanyi kamar cikin randa. Turare, agogo, takalma, kowanne da ɗakinsa da fitilunsa. Mai ɗakina ta ga matakala na tafiya da mutane, ta riƙe gefen rigata ta ce ba da ita ba.

A tsakiyar ginin akwai wani allo mai tsayin mutum, shi ke nuna wa baƙi hanya. Ɗiyata ta ce, "Baba, yi mashi magana."

"Da Turanci?"

"Yadda kaka yi gida."

Na gyara murya na ce hula nake so. Sai allon ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Wace iri kaka biɗa?" Wani Bakano a bayana ya tuntsire da dariya, ya ce, "Yau ga inji Basakkwace!"

Ashe ɗiyata ce ta koya masa Hausa, kuma duk irinsa da ke ginin a hannunta suke. Shugabanta ya sauko takanas ya gaishe mu. Uwarta ta kau da kai tana share ido da bakin mayafi. Hular dai ban saya ba, ta fi buhun gero tsada.

Ranar da muka dawo, da la'asar muka shigo Sakkwato, zafin garinmu ya tarbe mu, ni kuwa ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta. Na koyi cewa aikin da ban sani ba bai zama aikin banza ba. A zaure ƙaramar ɗiyata ta karɓi jakata, ta fara kame-kame, wai ita ma kwamfutar take son karantawa kamar yayarta. Ban bari ta ƙarasa ba.

"Awo," na ce, "na yarda."