Ƙullin Hajiya Zinaru

Ku ajiye wayoyin nan, 'ya'yana, ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, da tatsuniya ce da bakina ya yi daɗi. Tunda kun shigo aikin da na bari, gara ku ji shi daga wurina.

Ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar da muka tara mata a masaukin Al Ras ba. Shekarar da aka sake buɗe hanya ce bayan korona, ana dab da azumi, Deira, unguwar kasuwannin Dubai, ta cika da masu sarin kayan sallah.

Ni ban yi boko ba. Girki ne ya kawo ni Dubai, ina tuƙa wa mata 'yan kasuwa tuwo a wannan masauki, bayan kasuwar kayan ƙamshi. A nan Dakta Maimuna ta same ni. Ita ba irin likitan da ke duba mutum ya rubuta masa magani ba ce. Aikinta bin sawun magani bayan ya shiga hannun jama'a: wa ya sha, me ya same shi, akwai wasu irinsa? In ta tara shaida sai ta kai wa shugabanta Farfesa, shi ya kai gaban kwamiti, kwamiti ya rubuta wa hukuma, hukuma ta yi shela a daina. Ni ce ta ƙasa duka, mai shiga tsakani. Matanmu ba sa buɗe ciki ga mai farar riga, amma suna buɗe wa mai ludayi.

Abin da Dakta ta lura da shi, ana ta kai matanmu asibiti da ciwo iri ɗaya. Fuska ta yi suntum, sukari ya hau, jini ya hau, fata ta yi laushi tana tsagewa. In an tambayi mace ko tana shan wani abu, sai ta ce, "A'a likita, ko na ciwon kai ba na sha."

Ni kuwa na san ƙulli. Hajiya Zinaru, wata dattijuwa 'yar Maraɗi mai sarin abaya, ita ke zuwa da shi. Wani mai kemis ne a can gida ke haɗa mata ƙwayoyi, fari da ruwan hoda, ba kwali ba suna, a ƙulle a leda. Macen da ta wuni tana zaga shagunan Deira gwiwa ta riƙe ta, in ta sha ƙulli ɗaya, da safe sai ta miƙe kamar budurwa. Kuma Hajiya Zinaru ba ta taɓa sayarwa ba. Sadaka take yi, don Allah, har ɗaki take kai wa mace.

Wadda ta fi kowa daɗewa tana sha ita ce Hajiya Asabe, 'yar Fagge, mai sarin mayafai, mace mai ban dariya. Takan kama kumatunta ta ce mini, "Gwaggo, dubi nan, Dubai ta karɓe ni. Alhaji ya ce na koma amarya."

Na ce wa Dakta, "'Yar nan, ni ke share ɗakunansu. Ƙullin yana nan ƙarƙashin matashi. Bari in ɗauko miki ɗaya, ki kai a gwada."

Ta ce, "Gwaggo, haramun ne a aikinmu. Abin da aka ɗauko ba da yardar mai shi ba, kwamiti ko kallonsa ba zai yi ba. Sai mun roƙa sun ba mu da hannunsu." Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ji wannan da kyau. Ina zargin akwai wata ƙwaya a ciki, wadda in jiki ya saba da ita, sai ya daina yin nasa aikin ya dogara da ita. Wanda ya daɗe yana sha, dainawa farat ɗaya ta fi shan haɗari. Sai a hankali, a hannun likita."

To, shi ne muka tara su bayan sallar Juma'a. Dakta ta cire takalmi ta zauna a ƙasa, ta sa hannu a kwano ɗaya da su. Ta yi magana mai taushi. Ta ce ƙulli ɗaya tak take roƙo, ta kai ɗakin gwaji na hukuma.

Da ta ce hukuma, mata suka kalli juna. A ƙasar nan kun sani, ƙwayar da ba ta da takarda ba wasa ba ce, kuma ba macen da ba ta ji labarin wata da aka tsare a filin jirgi ba.

Hajiya Zinaru ta gyara mayafi ta ce, "Pardon, Dakta. Wannan gwajin, sunan wa za a sa?"

"Ba sunan kowa, Hajiya. Wallahi ba sunan kowa."

"In sun gwada, ai sai sun ce wa ya kawo."

Kafin Dakta ta amsa, Hajiya Asabe ta yi caraf. "Wai wane ƙulli ake ta faɗa ne? Mu man zafi muke shafawa, Dakta. Matso ki shinshina, har yanzu ƙafata yaji take." Aka yi dariya, irin dariyar da ake rufe ƙofa da ita.

Dakta ta ce, "Na ji. Ko ba ku ba ni ba, na roƙe ku don girman Allah, kada wadda ta daina sha lokaci ɗaya. Ku zo in haɗa ku da likita, a janye muku a hankali."

Suka ce, "Inshallah, Dakta."

Washegari da hantsi suka fita gaba ɗaya, wai za su haye ruwa sarin yadi. Suka shiga abra, kwalekwalen fito na garin. Da kwalekwalen ya kai tsakiyar ruwa, kowace ta zura hannu ƙarƙashin hijabi ta saki ƙullinta cikin ruwa. Ba wadda ta rage ko ƙwaya. Ni ban sani ba sai da suka dawo, Hajiya Asabe ta leƙo kicin tana haki.

"Halas, an gama, Gwaggo. Yau kifayen Dubai ba mai ciwon gwiwa."

Na ce, "Hajiya, ba ki ji abin da Dakta ta ce ba?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Na ji. Amma matar da ta yi mana alheri shekara da shekaru, da tsufanta, mu bari a ɗaure ta a ƙasar mutane? Da wane ido za mu koma gida?"

Na kira Dakta. Ta bar abin da take yi ta hau jirgin ƙasa na metro ta zo, ta durƙusa gaban Hajiya Asabe kamar 'yar cikinta, ta ce ta tashi su tafi asibiti yanzu. Hajiya Asabe ta ce in ta je tambaya za a yi, in ta amsa ta tona, in ta ƙi amsawa me ya kai ta? Ga kaya ba ta gama haɗawa ba. Ta dafa kan Dakta ta sa mata albarka, ta ƙi tashi. Aikinmu kuwa ba ya da ikon ɗaukar baligi a kai shi dole.

Ba a yi kwanaki ba Hajiya Asabe ta fara amai da jiri. Ta ce zafin gari ne. Wata rana da azahar ta faɗi a ofishin kago, inda ake aika kaya gida, tana tsaye ana auna mata kaya. Maimakon a kira motar asibiti, 'yan uwanta mata suka sa ta a tasi suka dawo da ita masauki, suna mata fifita, suna shafa mata zamzam, don kada a zo a yi tambaya. Ina dawowa daga kasuwar kifi na tarar da ita jiki ya yi sanyi, ido ya kafe. Na ɗaga murya aka kira mota. A asibiti aka tambayi masu rakiya me take sha, suka haɗa baki suka ce ba ta shan komai. Kafin Dakta ta iso ta gaya wa likitocin abin da take zargi, a yi allurar da ta dace, lokaci ya ƙure. Ba ta ga magariba ba.

Bayan sallah Dakta ta kai maganar gaban Farfesa, ina zaune a gefe. Mutum ne mai kirki, ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ina ƙwayar?" Ta ce tana cikin ruwa. Ya ce, "Wa zai tsaya ya ce ya sha?" Ta ce babu. Ya cire gilashinsa ya ce, "To zato muke da shi, Dakta. Ba a yi wa hukuma shela da zato." Kwamiti bai rubuta komai ba.

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana. Wannan aikin shaida yake ci, mu kuma an raine mu a kan rufin asiri. Ba mugu ko ɗaya a cikin ɗakin nan. Kowace alheri ta nufa, kuma da alherin aka haƙa kabari. Na yi ta juya shi a raina, ban ga inda za a ɓullo ba.

Hajiya Asabe a nan aka binne ta, cikin yashin da ba na kakanninta ba. Mayafanta suka isa Kano ba ita. Farfesa ya yi ritaya ya koma ƙasarsu. Dakta Maimuna ga ta nan kuna gani, furfura ta fito mata kafin lokaci, har gobe in ta ga mace mai kumburarriyar fuska a Deira sai ta tsaya ta gaishe ta, ta roƙa, a ce mata inshallah. Ni ƙarfi ya ƙare, na ajiye aiki, ina jiran jikana ya zo ya mai da ni gida.

Hajiya Zinaru kuwa ba ta sake taka Dubai ba. Ta yi kuka a zaman makoki fiye da kowa, ta ce kwana ne ya ƙare. An ce yanzu Alƙahira take sari. An ce tana nan tana bin ɗakunan mata da ƙullinta, kyauta, don Allah, kuma duk wadda ta karɓa sai ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a.