Gida Ɗaya, Iyali Ɗaya

Wata rana wata dattijuwa, Hajiya Lantana, ta hau bene hawa biyu na ofishin tsara gari, tana dafa bango, tana hutawa.

Zuwanta na huɗu ke nan.

Mijinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Ya rasu ya bar musu gida a unguwar manya: ɗaki biyu da falo, a tsakiyar filin da yara za su iya buga ƙwallo a ciki. Duk ciyawa ta cinye shi.

Da ma ba ita kaɗai ba ce a gidan. 'Yarta Rahanatu ta dawo da marayu huɗu.

Sai ga ɗanta Mudassir, malamin firamare, mai gidan haya ya ba shi notis. Ga mata, ga yara biyar.

Hajiya ta ce, to mene ne amfanin filin nan? Ta sayar da 'yan kunnen gwal ɗinta, Mudassir ya sayar da babur. Suka fara masa ɗaki biyu a bayan gida.

Gini ya kai taga, ma'aikatan tsara gari suka zo suka shafa masa jan fenti, alamar za a rushe.

Maƙwabta ne suka kai ƙara. Mutanen da suka shekara talatin suna gaisawa. Wai in aka bar ta, gobe kowa zai yanka filinsa, talakawa su cika unguwa.

Ta je gidan shugaban unguwa, aka ce ya yi tafiya. Tana ganin motarsa a ciki.

Shi ne yau ta samu ganin jami'in tsara garin. Saurayi ne, bai kai Mudassir ba. Ya buɗe taswira a gabanta.

"Mama, ba ni na yi dokar ba. Unguwarku gida ɗaya ne a kowane fili. Gida ɗaya, iyali ɗaya."

"Ɗana, ai iyali ɗaya ne. Ni na haife su."

Ya sunkuyar da kai, ya naɗe taswirar.

Ta roƙe shi don Allah. Ta ce ko ɗaki ɗaya a bar musu. Ta ce wata biyu kawai, damina ta wuce. Har ta fara durƙusawa, ya miƙe da sauri yana cewa ta yi haƙuri.

Bayan mako guda katafila ta zo. Ko minti ashirin ba ta yi ba.

Mudassir ya tsaya yana kallon ɓaraguzan bulo, kayansa na tsakar gida a ƙarƙashin leda, ruwa na dukansu. Mutum goma sha uku a ɗaki biyu da falo. Abin da ya rage masa a duniya shi ne rabonsa na gado a filin nan, filin kuma doka ta ce ba ya yankuwa.

Hajiya ta kwana uku abinci ba ya wuce mata. A na huɗu ta ce a sayar da gidan.

Wanda ya saya yana da gidaje a garuruwa uku. Sau biyu yake leƙowa a shekara.

Su kuwa kuɗin ya jefa su can bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Asibitin da ake duba mata ciwon suga ya koma tafiyar awa biyu, mota uku. Ta fara tsallake ranar ganin likita. Yanzu idonta na hagu ya tafi.

Gidan da ke jikin nasu bai kai kwatan tsohon filinta ba. Iyali goma sha ɗaya ne a ciki, banɗaki ɗaya.

Har yau ba wanda ya zo da jan fenti.

Darasi: Ba kullum ne rashin fili ke kora talaka bayan gari ba. Wani lokaci fili na nan, takarda ce ta ce ba irinsa ake so a wurin ba. Kafin ka sa hannu a ƙarar maƙwabcinka da sunan kare unguwa, tambayi kanka ina zai kwana.

Tura wa mutanen unguwarku, musamman masu zama a kwamiti.