Kwaɗon da Na Sa wa Tankin Mota

Mun bar Parakou ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata, muna idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne: ni, da yayata Salamatu mai sayar da man gyaɗa, wadda za ta sunan jikarta a Djougou, sai direbana Mumuni. Motar tsohuwa ce. Na saye ta hannun wani Bature da ya tattara ya koma gida bayan an ba mu mulkin kai, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomey. Ni ban iya tuƙi ba, ban kuma ga dalilin koya ba, tunda Mumuni ya shekara huɗu yana ja na.

Sai na faɗi halin da muka fita a ciki. Motar tana shan fetur fiye da yadda nake so, abokan kasuwa kuma suka yi ta hure mini kunne cewa babu direban da ba ya zuƙar na maigidansa da tiyo. Na kai ta wurin wani maƙeri a unguwar Banikanni, ya cire murfin tanki na asali ya ƙera na ƙarfe, ya shimfiɗa masa robar taya a ciki don ya kama gam, ya sa masa kwaɗo. Makullin yana aljihuna. Tun daga wannan mako mota ta tsiro da sabon hali: ana cikin tafiya sai ƙarfinta ya ragu, ta yi tari, ta mutu. Na ɗauka Mumuni ne yake huce haushin kwaɗo. Da asubar tafiyarmu, kafin ya tada inji na ce masa, "In ta mutu mana a hanyar nan, muna isa Djougou ka ajiye mini makullin mota." Ya ce, "To, Alhaji." Yana da mata da 'ya'ya uku a unguwar Titirou, kuma na san da haka lokacin da na faɗa.

Tourou

A bakin gari jandarma ya ɗaga mana sandar shinge bayan ya duba takardu da fitilar hannu. Hanyar jar ƙasa ce, damina ta ƙare amma ta bar ramukanta. Tanki cike yake har wuya, don ni da kaina na tsaya aka cika shi jiya.

Ba mu yi kilomita goma sha biyu ba ta fara. Mumuni ya taka, ita kuwa sai ja da baya take, ta yi tari uku ta tsaya daura da wata gonar doya. Ƙarfe shida da minti ashirin. Ya buɗe gaban mota ya kwance fulogogi yana goge su da tsumma. Ni kuma na ɗauko sandata mai tsaga-tsaga da nake auna fetur da ita, na buɗe kwaɗo na tsoma. Fetur na nan. Ina rufewa ya ce, "Bari mu gwada." Bugu ɗaya ta tashi.

Yaya Salamatu ta ce, "Bukari, wannan tsohuwar taka ta fi ni son hutu."

A kilomita ashirin da takwas, kan wani hawa, ta sake. Wannan karon matatar iska ya cire ya karkaɗe. Na tsoma sanda, na rufe, ta tashi.

Bétérou

Ƙarfe takwas da rabi ta mutu karo na uku, muna hango gadar kogin Ouémé. Mutanen gari suka taya mu turawa zuwa gindin wata bishiyar mangwaro, inda wani tsohon soja yake gyaran motoci. Na yi masa bayani, ya saurara yana gyaɗa kai.

"Mota abu uku take ci, patron," in ji shi, wato maigida. "Wuta, iska, esansi, fetur ke nan. In ta mutu, ɗaya ne ya yanke."

Na bar su na tsallaka wurin wata mata mai koko da ƙosai, na ƙara da soyayyen wagashi, cukun Fulanin yankin, duka dala huɗu. Daga inda nake zaune ina kallonsu. Tsohon ya zare wayar fulogi ya kusantar da ita jikin inji, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ya duba matatar iska, tsaf take. Ya kwance kan kafireta ya tarar da ita a bushe. Ya ɗiga mata fetur daga kwalba, inji ya kama, ya yi kamar numfashi biyar ya ɗauke. Sau huɗu yana yin haka. Mumuni kuwa yana tsugune a gefe ya naɗe hannu, ko sufana bai miƙa masa ba. Wannan ya ƙara ba ni haushi.

Da na dawo tsohon ya ce, "Wuta lafiya, iska lafiya. Esansi ne ba ya isowa. Famfon da ke jawo shi ya gaji, kuma ba ni da irinsa, sai Djougou."

Na ce a raina, ko kuwa an zuƙe. Na buɗe kwaɗo na tsoma sanda. Fetur na nan daidai inda ya kamata. Na rufe, Mumuni ya miƙe ya karkaɗe wando ya shiga mota. Ta ɗan ja kafin ta kama, amma ta kama. Tsohon soja ya ce ai dama ya san hannunsa ba ya faɗuwa banza. Na sallame shi, muka haye gada ƙarfe goma da kwata.

Wéwé

Daga nan daji ne sosai, itatuwan kaɗanya da ɗorawa, sai jefi-jefi garken shanu. Ta ba mu kilomita ashirin da wani abu kafin ta mutu, mun ɗan wuce ƙauyen Wéwé. Rana ta take. Yaya ta fito ta miƙe ƙafa, ta jingina da bayan mota daidai inda nake kokawa da kwaɗo. Ina ɗaga murfi ta ɗago kai.

"Mene ne ya yi huci haka?"

"Kullum haka yake yi. Alamar ya rufu da kyau ke nan, ba a taɓa ba."

"Fitowa iskar take yi ko shiga?"

Ban taɓa lura ba. Ta karɓi murfin ta juya shi, ta danna robar da babban yatsa.

"Ina hancinsa?"

"Wane hanci, Yaya?"

"Shekara talatin ina juye mai daga garwa. In ka huda mata baki ɗaya, za ta zubo kaɗan ta shaƙe, sai ka huda na biyu inda iska za ta shiga. Kai ka toshe wa abu hanci kana ce masa ya zuba. Tun safe ina kallo, ba ta tashi sai ka buɗe nan."

Na ce mota ba garwar mai ba ce. Ta ce to mu gani. Ta yage bakin wani tsohon zane ta ɗaure a bakin tanki da zare, ta jefa murfina da kwaɗonsa cikin kwandon kayan suna. Na dubi Mumuni. Ƙasa yake kallo.

Kilomita sittin da 'yan kai suka rage. Ta haye duk tudun da ke tsakanin nan da Partago ba tari ko ɗaya. A shingen shiga Djougou jandarma ya tambayi abin da ya sa tankinmu ya ɗaura kallabi, Yaya ta ce masa suna za ta. Ni dai ban yi dariya ba, kunya ce ta rufe ni tun daga Wéwé.

Djougou

Mun shiga ƙarfe ɗaya da rabi. Kawu Sidi, ƙanin mahaifiyarmu, ya sauke mu a tsohon gidan kakanninmu fataken goro, aka kawo sakwara da miyar gyaɗa. Bayan la'asar na kai murfin wurin wani makanike kusa da kasuwa. Ya ce kowane murfin tanki yana da ɗan rami kamar na allura. In babu shi, fetur na raguwa tanki na tsotse kansa, har famfo ya kasa jawowa, kuma in tanki cike yake abin ya fi saurin faruwa. Ya ɗauki ƙusa ya huda robar da ƙarfen. Bai karɓi ko dala ba.

Na sami Mumuni a ƙofar gida yana wanke mota.

"Ka san da wannan?"

"Na yi zato, Alhaji. Tun makon farko."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya matse tsumma. "In ni na ce a cire kwaɗo, me za ka ɗauka?"

Na ce maganar safe ta wuce, ya riƙe makullin motar. Ya ce, "To, Alhaji," da irin muryar da ya faɗa da asuba.

Laraba aka yi suna, yarinya ta ci sunan Yaya.

Komawa

Alhamis ƙarfe bakwai muka taso, ba kwaɗo. Kilomita ɗari da talatin da biyar, awa uku da minti arba'in, ba mu tsaya ba sai a shinge biyu da kuma Bétérou, inda tsohon soja ya ɗago mana hannu yana nuna wa mutane aikinsa. Sha ɗaya saura muna ƙofar gida.

Mumuni ya sauke kaya, ya kai wa Yaya kwandonta har ɗaki, ya duba ruwa da baƙin mai. Sannan ya zo ya durƙusa ya ajiye makullin mota a kan tabarmata.

"Na kawo ka gida lafiya, Alhaji. Akwai masu manyan motoci a tashar jirgin ƙasa da ke neman direba zuwa Nijar."

Na ce zan ƙara masa albashi. Na ce kuskure ne, kowa yana yi. Ya ce ya sani, ya gode, Allah ya bar zumunci. Ya tafi da ƙafa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Sidi da masauki, da Yaya Salamatu da kunnenta, da Mumuni da ya tuƙa ni shekara huɗu bai taɓa mini ko cokali ɗaya na fetur ba. Motar ta warke sarai. Wata biyu ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gida, tankinta cike, ina fita kasuwa da keke.